Lensi guda don ɗakin ɗinki mai mita 4.5: yadda aka ɗauki 35mm aka bar 50mm

Mai wannan lamari tela ce, 'yar ƙanwata, tana ɗinkin kayan mata a gida tana tallarsu ta intanet. Ita ke yanka, ita ke hawa keke, ita ce kuma mai ɗaukar hoto. Kyamararta Nikon D3500 ce, wadda kamfanin ya fitar a 2018, ta saye ta ta hannu tare da lensin da aka saba haɗo ta da shi, wato AF-P 18-55mm f/3.5-5.6 mai zuƙowa. Ɗakin da take ɗinki a nan take hoto. Taga ɗaya ce a gefe, sai ƙwan lantarki a sama, sai bango mai farin fenti da take tsayar da mai sanye da kayan a gabansa.

Hotunan da sana'arta ke buƙata iri uku ne, kuma ba nauyi ɗaya gare su ba. Mafi yawa, kuma wanda ke sayar da kaya, shi ne na mutum a tsaye daga kai har ƙafa, a ga yadda riga ta zauna. Na biyu daga ƙugu zuwa sama, don wuya da hannu su fito. Na uku na kusa sosai: aikin zare, maɓalli, kalmasa, yadda aka kafa zif.

Kokenta uku ne. Hotunan suna fitowa da yashi-yashi, musamman idan yadin mai duhu ne. Wasu kuma dishi-dishi, ko da ta riƙe kyamarar da kyau. Sai wanda ya fi ci mata rai: wata kwastoma ta ce mata rigar da aka kawo ba ita ta gani a hoto ba, a hoton kafaɗa ta fi faɗi, siket ya fi gajarta. Ta tambayi masu hoto, kusan kowa amsa ɗaya ya ba ta: ki nemi tsayayyen lensi, wanda ba ya zuƙowa, 50mm f/1.8, ki huta. Da wannan ta zo mini. Ta ce, "Kawu, kowa 50 yake cewa. Akwai ma wanda zai sayar mini da nasa da sauƙi. In karɓa?"

Na ce ta dakata tukuna, ta kawo katin kyamarar da tef ɗinta na awo.

Abin da tsofaffin hotunan suka faɗa

Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi: tsawon lensi a lokacin (lambar mm, ƙarama ta fi faɗin gani, babba ta fi matso da abu), girman ƙofar haske (lambar f, ƙarama ta fi shigar da haske), saurin ƙiftawar kyamara, da ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske da kanta idan wuri ya yi duhu. Ana ganin bayanin a jikin kyamarar ko a kwamfuta. Duk mai lensin zuƙowa da ke son komawa tsayayye yana da wannan shaida a hannunsa kyauta, sai dai kaɗan ne ke dubawa.

Da muka bi hotunanta, sai suka rabu gida biyu. Na tsaye kusan duk a 18mm zuwa 24mm aka ɗauke su. Na aikin zare kuma a 55mm, ƙarshen zuƙowar. Tsakiya kusan ba komai. Wannan ba abin mamaki ba ne, haka hannun mafi yawan mutane yake da lensin zuƙowa, ko a murɗa shi ƙarshen nan ko ƙarshen can. Shi ya sa bai kamata a karanta bayanin a ce to ga amsa, a sayi 18mm ko 55mm ba. Sai an tambayi dalilin da ya kai hannu can. A nata lamarin dalilin 18mm a fili yake: tana tsayawa kusa da teburin yanka, wanda ya cinye tsakiyar ɗakin, tazararta da mai sanye da kaya ba ta kai mita 2 ba, don haka dole ta buɗe lensin har ƙarshe kafin ƙafa ta shigo.

Nan ne kuma asalin ƙorafin kwastomar. Idan kana tsaye kusa da mutum, kyamara a saitin idonka, kai da kafaɗarsa sun fi kusa da kai a kan ƙafarsa nesa ba kusa ba. A tazarar mita 1.5, kafaɗa tana mita 1.5 daga lensi, amma tafin ƙafa ya haura mita 2. Abin da ya fi kusa shi ke fin girma a hoto, sai sama ta kumbura, ƙasa ta tsuke. Mutane suna ɗora laifin a kan lensi mai faɗin gani, alhali tazara ce ke yin aikin. Lensin iyaka ya ba ka damar matsowa kusa ne har abin ya faru. Da za ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauki hoto da 18mm da 50mm, sannan ka yanke na 18mm ya zo daidai da ɗayan, siffar mutumin iri ɗaya za ta fito. Ga mai hoton shaƙatawa wannan ƙaramin abu ne. Ga tela kuwa, wadda tsayin siket da faɗin kafaɗa su ne hajarta, babba ne.

Sauran bayanin ya warware koke biyun farko. Yawancin hotunan cikin ɗaki suna wajen ISO 3200, ƙiftawa 1/30 na daƙiƙa. Yashi-yashin daga ISO ɗin ne. Dishi-dishin kuma daga 1/30 ne: lensin nata yana da VR, wato na'urar rage rawar hannu, amma VR hannun mai ɗauka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da wadda ake ɗauka idan ta ja numfashi ko ta gyara tsayuwa.

Shawarar 50mm ta gaskiya ce, amma ga wata kyamarar

Waɗanda suka ce mata 50 ba ƙarya suka yi ba. Tun da kamfanin Leitz ya fito kasuwa a 1925 da kyamarar Leica da Oskar Barnack ya ƙirƙira, mai ɗaukar hoto a kan fim mai faɗin 24 da 36mm, 50mm ya zama lensin yau da kullum. Tazarar kusurwa zuwa kusurwa ta wannan fim kusan 43mm ce, kuma lensin da tsawonsa ya yi kusa da wannan lamba shi ke ba da hoton da ba ya nisanta abu, ba ya kuma matso da shi. Shahararren mai hoton nan na Faransa, Henri Cartier-Bresson, ya yi yawancin aikinsa da 50mm. Ga shi da sauƙin ƙerawa, don haka yana da kaifi, yana da haske, ba shi da tsada. Shekara da shekaru ana ba sabon shiga wannan shawara, ta kuma yi musu amfani.

Sai dai sensar D3500, wato abin da ke kama hoto a cikinta a madadin fim, ba girman fim ɗin nan gare ta ba. Irin wadda Nikon ke kira DX ce, wadda ya fara da ita a kyamararsa D1 a 1999. A wannan kyamara faɗinta 23.5 da 15.6mm ne, kusurwa zuwa kusurwa wajen 28mm. Lensi ba ya canza tsawonsa don an ɗaura shi a ƙaramar sensa, 50mm yana nan a 50mm ɗinsa, amma sensar tsakiyar hoton kawai take kamawa. Ana ninka tsawon da 1.5 a san abin da zai yi daidai da shi a cikakkiyar sensa, wato mai girman fim ɗin nan. Ke nan 50mm a kyamararta yana gani kamar 75mm, lensin hoton fuska ke nan. Wanda ke yin aikin tsohon 50 ɗin a wajenta shi ne 35mm, wanda ya yi daidai da 52mm da ɗoriya. Ga masu ƙaramar sensar Canon ninkin 1.6 ne, ga masu sensar da ake kira Micro Four Thirds, wadda ta fi ƙanƙanta, kuma 2, don haka a wajen waɗannan na ƙarshe 25mm ne ke tsayawa a wannan matsayi.

Da na gama wannan bayani ta yi dariya ta ce, "Ashe awon wata aka ba ni in ɗinka wa wata." Daidai ke nan.

Awon ɗaki

Wannan shi ne abin da ya yanke hukunci, kuma bai buƙaci komai ba sai tef da lissafin firamare. Tsawon ɗakin daga farin bango zuwa bangon da ke fuskantarsa mita 4.5 ne. Ba duka ake samu ba. Mai sanye da kaya sai ta matso kamar mita 1 daga bango, in ba haka ba inuwarta za ta manne a bayanta, kuma duk wani tabon fenti zai fito raɗau. Mai ɗauka ita ma tana da jiki, ko ta jingina da bango sai ta ci kusan rabin mita kafin a zo kan kyamara. Abin da ya rage mita 3 ne, shi ma sai an ture teburin yanka gefe.

Hoton tsaye kuma yana son fili mai tsayin kamar mita 2: tsayin mutum, da ɗan sarari a saman kai, da ɗan ƙasa a gaban ƙafa. Idan aka juya kyamara a tsaye, dogon gefen sensa, wato 23.5mm, shi ne zai ɗauki mita 2 ɗin. Lissafin shi ne a ninka tsawon lensi da tsayin filin, a raba da 23.5. Da 24mm ana buƙatar tazarar mita 2 da 'yan santimita. Da 30mm, mita 2.6. Da 35mm, kusan mita 3 cif. Da 40mm, mita 3.4. Da 50mm, mita 4.3. Da 85mm, wanda wani ya ce mata shi ne sarkin hoton mutane, sama da mita 7, sai dai ta fita waje ta ɗauka ta taga.

Ke nan 50mm ba zai taɓa ɗaukar hoton da ke ciyar da ita a wannan ɗaki ba, ko da an manna mai kayan da bango an manna mai kyamara da ɗaya bangon. Ana yawan cewa mai tsayayyen lensi da ƙafarsa yake zuƙowa. Gaskiya ne a fili, amma a ɗaki bango ke da magana ta ƙarshe.

Ban so ta yarda da lissafi kawai ba. Lensin da ke hannunta yana da 35 a rubuce a jikinsa, kuma 50 na nan kaɗan kafin 55. Na ce ta murɗa shi zuwa 35, ta manna masa salatif don kada hannu ya yi abin da ya saba, ta yi aikinta na 'yan kwanaki a haka, sannan ta mayar da shi wajen 50 ta sake. Gwajin 50 bai yi nisa ba. Ta kira ni ta ce, "Kawu, daga gwiwa yake yanke mini mutum." Na 35 kuwa ya shiga, da ƙyar amma ya shiga, kuma tun kafin a sayi komai ƙorafin kafaɗa da siket ya kau, saboda yanzu tana mita 3 daga mai kayan. Na ƙara mata abu ɗaya: ta sauke kyamarar zuwa saitin ƙugun wadda take ɗauka, ta riƙe ta a miƙe ba tare da ta karkatar da ita ƙasa ba. Zama a kan kujerar keken ɗinki ya ba da wannan tsayi daidai.

Akwai wata hujja da ta ƙara wa 35 nauyi. Hoton D3500 yana da ɗigo 6000 a tsawo, 4000 a faɗi, miliyan 24 ke nan. Idan aka yanke hoton 35mm ya koma abin da 50mm zai gani, kusan rabi ne ke saura, wajen miliyan 12, wanda ya ninka abin da shafukan talla na intanet ke nunawa sau da yawa. Mai 35 yana iya samun hoton 50 da yanka. Mai 50 ba shi da hanyar dawo da ƙafar da ba ta shiga ba.

Waɗanda aka auna

Wanda aka yi mata tayinsa da sauƙi shi aka fara cirewa, kuma ba don tsawonsa kawai ba. Da ta turo hoton jikinsa sai na ga AF Nikkor 50mm f/1.8D ne, na 2002. Lensi ne mai kyau, amma ba shi da injin saiti a cikinsa. Yana jiran wani ɗan inji da ke jikin kyamara ya juya shi ta wani ɗan noti a bakin mahaɗa. Kyamarori irin su D7000 da 'yan uwanta suna da wannan inji, D3500 da duk danginta na D3000 da D5000 ba su da shi. Zai ɗauru lafiya lau, sai dai ba zai saita kansa ba, da hannu za a riƙa murɗawa. Kuma madubin leƙen wannan kyamara ƙarami ne, ba a yi shi don saitin hannu a f/1.8 ba. Wannan tarko ya kama mutane da yawa, saboda bambancin sunan harafi ɗaya ne ko biyu. Wanda ke saita kansa a kyamararta shi ne AF-S 50mm f/1.8G na 2011. Mai sayarwar ba lallai ne ya yi niyyar cuta ba, wataƙila a tasa kyamarar yana aiki sumul.

Shi ma na G ɗin awon ɗaki ya fitar da shi, duk da cewa a hoton rabin jiki ya fi 35 kyau, ba na musu a kan haka.

Wanda ya ba ni wahalar ajiyewa shi ne AF-S DX Micro 40mm f/2.8G, shi ma na 2011. A takarda kamar don tela aka yi shi. Yana matsowa har abu ya fito a kan sensa da ainihin girmansa, wato maɓalli mai faɗin santimita 2 ya kusa cika hoto, zare ɗaya-ɗaya ana ƙirga shi. Ba ya lanƙwasa layi, kaifinsa har gefe. Amma abu biyu suka tsaya masa. Mita 3.4 yake so, mita 3 ake da shi, sai dai a matsar da mai kaya kusa da bango a koma wa inuwa. Sannan f/2.8 ne, hasken da yake shigarwa bai kai rabin na f/1.8 ba, ga ɗaki mai taga ɗaya. Da matsalarta ta fi yawa a hoton aikin zare, ko da tana da fitilun hoto, da shi zan ce ta ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Lensin kamfanin Sigma, 30mm f/1.4 na jerin Art, wanda ya fito a 2013, ya fi kowa dacewa da awon ɗakin, ya kuma fi haske. Sai dai nauyinsa ya ninka na 35 ɗin Nikon, ya fi shi tsada, kuma a f/1.4 ɗan kuskuren saiti kaɗan yana nunawa. Manyan kyamarori suna da wurin da ake gyara irin wannan kuskure lensi-lensi, D3500 ba ta da shi. Sigma yana da tasa na'urar gyara da ake haɗawa da kwamfuta, amma wannan wani sayayya ne da wani zama, ga mutumiyar da ke da ɗinkin mutane a gabanta.

Saura 35mm, su ma biyu ne masu kama da juna a suna. Akwai AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009, nauyinsa giram 200, an yi shi don ƙaramar sensa. Akwai AF-S 35mm f/1.8G ED na 2014, na cikakkiyar sensa, ya fi girma ya fi tsada. Masu ba da shawara suna son cewa a sayi na babbar sensa saboda gaba. Ni ban cika yarda da wannan ba. Ranar da ta koma cikakkiyar sensa, 35mm zai zama mai faɗin gani a can, kuma 50mm za ta buƙata don wannan hoton dai. Ke nan ta biya kuɗin gaba a kan lensin da ba zai yi aikin gaban ba. An ɗauki na DX.

Da yake na hannu ne, ta duba shi kafin ta biya: ta haska tocilan ta cikinsa don neman hazo ko zaren gansakuka a gilashi, ta taɓa ɗan madannin bayansa ta ga ganyayyakin ƙofar haske suna buɗewa suna rufewa da sauri ba maiƙo a kansu, ta ɗaura shi a kyamararta ta ji yana saiti kusa da nesa ba ƙara.

Abin da f/1.8 ya bayar da abin da bai bayar ba

Lambar f rabo ce tsakanin tsawon lensi da faɗin ƙofar da haske ke bi. A 55mm f/5.6 faɗin ƙofar kusan 10mm ne, a 35mm f/1.8 kusan 19mm. Ta fuskar hasken da ke isa sensa, f/1.8 ya ninka f/5.6 kusan sau 10. Lensinta na zuƙowa idan yana 35mm ko kusa bai kai haka buɗewa ba, don haka komawa f/2 kawai ya ba ta haske ninki da yawa.

Yadda aka kashe wannan riba shi ne abin lura. Daga 1/30 aka koma 1/100, don a tsayar da motsin mai kaya, kuma don sabon lensin ba shi da VR, kyamarar ma ba ta da irinsa a jikinta. Abin da ya rage aka sauke ISO daga 3200 zuwa 1600. Ke nan yashi-yashin ya ragu, bai ɓace ba. Ta ɗan ji ba daɗi, don ta zaci za ta sauka har 200. Lensi ba ya ƙirƙiro haske, abin da taga ta bayar shi yake tarawa. Da ta mayar da ɗaukar hoto zuwa lokacin da rana ke gefen tagar, ta kashe ƙwan sama don kada launinsa ya gauraya da na rana, ta jingina farin allo a ɗaya gefen yana mayar da haske, sai ISO ya sauko ƙasa da 800, launin yadi ma ya daidaita. Saitin da ta zauna a kai shi ne harafin A a kan dabaran zaɓi, inda ita ke zaɓar ƙofa kyamara ta zaɓi ƙiftawa, ƙofa a f/2.2 ko f/2.8, ISO ya zaɓi kansa amma an gindaya masa kada ƙiftawa ta gaza 1/100.

Narkakken baya irin wanda take gani a hotunan wasu kuwa, a hoton tsaye bai samu ba, kuma na faɗa mata tun kafin ta saya. A tazarar mita 3, a f/2, abin da ke fitowa tas ya kai zurfin kusan santimita 60, bango kuma mita 1 kawai yake a baya. Zai ɗan yi laushi, shi ke nan. Masu wancan hoto dogon lensi ne gare su da fili mai nisa a bayan mutum. A nata aikin ma wannan zurfi alheri ne, don hannun riga da ke gaba da bayan siket duk suna fitowa.

Matsalolin da suka biyo baya

Makon farko ta bar shi a f/1.8 a kan komai, kamar yadda kowa ke yi da sabon lensi. A hoton tsaye ba laifi. Da ta matso kan aikin wuya, a tazarar santimita 40, zurfin abin da ke fitowa tas bai kai santimita 1 ba: fure ɗaya ya fito, na kusa da shi ya narke. Irin wannan hoto sai an rufe ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, a shimfiɗa rigar kusa da taga, a sa kyamara ta fuskance ta kai tsaye. Haka kuma farin zare mai ƙyalli a kan baƙin yadi ya riƙa fitowa da ɗan shunayya a gefensa idan ƙofar tana buɗe duka. Halin wannan lensi ne da ire-irensa, yana raguwa sosai daga f/2.8. Sai saiti: kyamarar tana da ɗigon saiti 11, na tsakiya ne kawai mai kama layin tsaye da na kwance, don haka a ɗaki mai ƙarancin haske shi ya fi amana. Ta koma zaɓar ɗigo da kanta maimakon barin kyamara ta kama abin da ya fi kusa.

Akwai kuma wadda ta zo sakamakon kaifin lensin kansa. A kan yadi mai siraran layuka ko ƙaramar saƙa, sai ga waɗansu igiyoyin launi suna kwance a kan rigar, kore da ja-ja, abin da babu shi a zahiri. Wannan yana faruwa ne idan saƙar yadi ta zo kusan daidai da jerin ɗigon sensa, su biyun suka ci karo. Kyamarori da yawa suna da wani siririn gilashi a gaban sensa da ke ɗan dusashe hoto don hana haka. Nikon ya cire shi daga wannan dangi tun D3300, don ƙarin kaifi. Da tsohon lensi da rawar 1/30, dishi-dishin ne ke ɓoye matsalar. Yanzu da hoto ya fito tas, sai ta bayyana. Maganinta a wurin ɗauka ya fi sauƙi a kan gyara a kwamfuta: a matsa gaba ko baya da taki ɗaya, ko mai kaya ta ɗan juya, sannan a zuƙo hoton a allon kyamara a duba kafin a cire kayan. Wani lokaci kuma igiyoyin a ƙaramin allo kawai suke, idan an buɗe hoton da cikakken girmansa babu su.

Lensin zuƙowar da ta yi niyyar sayarwa yana nan, kuma ni na hana. A hoton kusa ya fi sabon. Shi 35mm ba ya saiti ƙasa da santimita 30, mafi ƙanƙantar filin da yake cikawa faɗinsa wajen santimita 15 ne. Shi kuwa 18-55 a ƙarshensa na 55 yana matsowa har santimita 25, ya cika hoto da fili mai faɗin santimita 6 da ɗan wani abu, ga VR, wanda a kan rigar da ke kwance ba motsi yake aiki sosai. Tunda irin wannan hoto f/8 ake ɗaukarsa, ƙarancin haskensa ba ya hana komai. Don haka rabon aikin ya zauna haka: na tsaye da na rabin jiki da 35mm, tana ɗaukar na rabin jikin daga wajen mita 2 ta yanke don kada fuska ta kumbura, maɓalli da aikin zare kuma da tsohon lensi a bakin taga. Kwanan nan ta tambaye ni ko ta fara tara kuɗin 40mm ɗin nan na kusa. Na ce ta fara da fitila mai laima da abin kafa kyamara mai ƙafa uku, don ranar da hadari ya rufe rana har yanzu ISO ɗinta 3200 yake komawa.